Tarihin Zane Da Wuta A Jikin Itace Da Ƙwarya

Ran nan wani yaro ɗan aji biyar ya zo makaranta da wani ɗan akwati wanda kawunsa ya sayo masa daga Ikko. A ciki akwai wani abu mai kama da alƙalami, da igiyar lantarki a gindinsa. In aka haɗa shi da wuta bakinsa ya yi zafi, sai a yi ta zane da shi a jikin katako, yana ƙonawa yana barin baƙin layi. Yara suka yanyame shi, shi kuwa yana ta yi musu bayani, wai wannan sabuwar hikima ce ta Turawa, ba a taɓa ganin irinta a ƙasar nan ba. Kafin a kaɗa ƙararrawa yara biyu sun ƙone a yatsa, na uku kuwa ya huda wandonsa.

Muka karɓe akwatin muka ajiye. Muka tambayi mai shi, “A cikin me kakarka ta ke dama fura?” Ya ce, “A ƙwarya, Malam.” Muka ce, “In ka koma gida kife ta, ka duba bayanta.” Kashegari ya dawo yana sunkuyar da kai, ya ce ashe bayan ƙwaryar duk zanen wuta ne, shi kuwa tun yana rarrafe ya ke ganinta bai taɓa lura ba.

To, saboda yaron nan da ire-irensa muka ga ya kamata mu ba ku labarin wannan sana'a tun daga tushe. Ba mu son ku raina abin gidanku, ba mu kuwa son ku rasa yatsa, ko abin da ya fi yatsa, a wajen koyonta.

Mu fara da duma, gama shi ne takardar farko ta masu wannan aiki. Masana tsirrai sun tabbatar asalinsa Afirka ne. Amma abin mamaki, masu tonon tsofaffin kufai sun tarad da ɓurɓushinsa a nahiyar Amurka wanda ya kai shekara 10,000. Yaya aka yi ya haye teku tun babu jirgi? Cikin 1954 waɗansu masana biyu a Amurka suka jefa duma cikin ruwan teku, suka bar shi yana yawo fiye da wata bakwai, da suka fasa suka shuka 'ya'yan, sai ga su sun tsiro. Binciken da aka yi daga baya, cikin 2014, ya ƙarfafa zaton cewa igiyar ruwa ce ta kwashe shi daga gaɓar Afirka ta kai shi can. A ƙasar Peru, a wani wuri da a ke kira Huaca Prieta, wani Ba'amurke mai suna Junius Bird ya fara tono cikin 1946, ya sami waɗansu 'yan ƙananan duma biyu da aka sassaƙa wa fuskoki, sun haura shekara 4,000. Har yanzu mutanen ƙauyukan Cochas, kusa da garin Huancayo a ƙasar, suna yi wa duma ado. Su kan zana da ɗan ƙarfe mai tsini, sa'an nan su ɗauki bakin itace mai garwashi su kusanta shi, suna hurawa da baki. In sun hura a hankali wurin ya yi ja-ja, in sun hura da ƙarfi ya yi baƙi.

Mutanen Sin kuma suna cewa tun zamanin sarakunan Han, watau wajen shekara 2,000 da suka wuce, su ke wannan aiki. Garin Nanyang ya yi suna a kansa, har tsinkayen cin abincinsu su kan yi wa zanen wuta.

Amma ba sai mun je Sin ba. A ƙasar Adamawa da kwarin kogin Gongola akwai mata waɗanda gwanintarsu a wannan fanni ta kai inda ta kai: matan Ga'anda, da Tera, da Hona, da Bura, da Fulanin gida. A wurinsu ƙwarya ba abin cin abinci kaɗai ba ce. Tana cikin kayan aure, ana jera ta a ɗaki, mai ido kuwa in ya dubi zane ya kan gane daga wace kabila ta fito. A wajen Ga'anda har a kan ga zanen ƙwarya ya yi kama da tsagar da a ke yi wa 'yan mata a jiki a da. Turawa biyu sun rubuta littattafai a kan wannan: T. J. H. Chappel cikin 1977, da Marla Berns tare da abokiyar aikinta cikin 1986. Mu kam abin ya kan ba mu kunya kaɗan, a ce sai an je ɗakin karatu a Ingila ko Amurka a karanta abin da ke kife a ɗakin kakanninmu. A ƙasar Hausa sassaƙar ƙwarya aikin maza ne, galibi da wuƙa su ke kankarewa, amma wuta ba ta rabu da masassaƙa ba, don da ita a ke baƙanta akushi. Buzayen Agadas ma da ƙarfe mai zafi su ke ƙawata cokulansu na itace da turakun tantinsu.

Sa'ad da mu ke koyon aikin malanta an tura mu gwajin koyarwa wani ƙauye a Adamawa. A gidan da aka sauke mu akwai wata tsohuwa, kowa Inna ya ke ce mata, mu ma muka bi. Rannan da hantsi muka tarad da ita tana aiki, muka gaishe ta muka durƙusa a gabanta don mu gani da kyau. Ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, “Ɗan nan, koma bayana. Hayaƙin nan ba ya kunyar baƙo.”

Mun yi kwanaki muna kallonta, ga kuwa abin da muka gani. Ba ta aiki cikin ɗaki, sai a gindin itace a tsakar gida, ta ba iska baya, hayaƙi ya yi gaba abinsa. Wuƙaƙenta huɗu ne, maƙeri ya ƙera mata, ko wace da ƙotar itace. Dukansu bakinsu na cikin garwashi, ƙotocin kuwa suna duban hannunta na dama, ba ta taɓa miƙa hannu ta bisa wuta don ta ɗauko ɗaya. In ta zaro wuƙa sai ta fara dangwala ta a jikin sakaina ta ga zafinta, kana ta kai ta jikin ƙwarya. Tun tana ja ta ke jan manyan layuka masu zurfi, in ta fara hucewa ta yi ƙananan da ita, in ta huce sarai ta mai da ita wuta ta zaro wata. Ga kaskon ruwa a gefenta. Ta kuma ja layi a ƙasa da ƙafa, jikokinta sun san ba a ƙetare shi. Wata jikarta budurwa tana koyo, amma ba a ba ta ƙwarya mai kyau ba tukuna, sakaina ta ke ta ɓatawa.

Inna ba ta san ma'aunin zafi ba, amma abin da hannunta ya sani shi ne masana suka auna. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Itace ya kan fara sake kama, ya yi ruwan ƙasa, in zafi ya haura wajen digiri 200, ya zama gawayi a wajen 300. Ƙarfe kuwa ba ya fara nuna ja sai ya wuce 500. Ku lura da wannan da kyau, ku 'yan makaranta. Watau ƙarfe yana iya zama baƙi ƙirin, kamar ba abin da ya same shi, alhali zafinsa ya ninka na tafasasshen ruwa sau uku ko huɗu. Jan ƙarfe kowa na tsoronsa. Baƙin ne ke cin yatsa.

Yanzu mu leƙa Turai. Su ma da haka suka fara. Mutanen Ingila sun raɗa wa aikin suna daga ƙarfen da su ke tona wutar murhu da shi lokacin sanyi, don da shi a ke zana akwatuna da allunan ado. Sunan da masu ilmi suka ba shi daga baya kuwa daga harshen Yunanawa aka haɗo, ma'anarsa rubutu da wuta. Wani gwanin sassaƙa mai suna Robert Ball Hughes, haifaffen London, wanda ya ƙaura Amurka ya zauna kusa da Boston har ya mutu cikin 1868, ya yi suna da zana hotunan mutane da irin wannan ƙarfe. Wahalarsa ɗaya ce da ta Inna: ƙarfe ya huce, a mai da shi wuta, a jira.

Wanda ya raba Turawa da wannan jira ba masassaƙi ba ne, likita ne. Kun san sakiya, kun san lalas, yadda a ke ƙona ciwo da ƙarfe don ya warke ko jini ya tsaya. Likitocin Turai ma suna yi. Cikin 1875 wani likitan Faransa, Claude Paquelin, ya ƙago wata na'ura don wannan aiki. Bakinta na wani farin ƙarfe ne mai tsada da a ke kira filatinam, mai rami a ciki. A kan fara gasa bakin a fitila, sa'an nan a riƙa matsa wata 'yar jakar roba, kamar dai zugazugin maƙeri, tana tura tururin wani mai irin fetur daga kwalba zuwa cikin ramin. Muddin ana matsawa bakin ba zai huce ba. Masu zane suka ga abin, suka ce ai wannan mu aka yi wa.

Daga nan sana'ar ta buɗe. Wani Ba'amurke, J. William Fosdick, cikin 1896 ya zana wani babban allo mai ɓangare uku, tsayinsa wajen ƙafa 9, na Joan ta Arc, yarinyar nan ta Faransa da ta jagoranci mayaƙa. Allon yana gidan ajiye kayan fasaha na Smithsonian a Washington. Ku dubi ikon Allah: yarinyar da aka ƙone da wuta a garin Rouen cikin 1431, da wuta kuma aka zana hotonta. Daga wajen 1890 zuwa farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya aikin ya zama yayi a Ingila da Amurka da Ostareliya, musamman ga matan gida. Kamfanoni irin su Flemish Art na New York suna sayad da akwatuna da faifai na katako waɗanda an riga an buga musu zane, mai saye bin layi kaɗai zai yi. Mu dai a ganinmu a nan aka sami ci gaban mai haƙan rijiya. Inna tana ɗauke da zanenta a ka, waɗannan kuwa kamfani ya yi musu tunani. Ga kuma kwalbar mai a kan tebur, ga fitila tana ci kusa da ita, cikin ɗaki mai labule. Garwashin Inna kowa na ganinsa, tururin mai kuwa ba a ganinsa sai ya kama.

Cikin 1906 Albert Marsh ya yi rajistar wata waya da ya haɗa daga ƙarafa biyu, wadda lantarki ke sa ta yi ja ba ta narke ba. Ita ce ke cikin dutsen guga da rishon lantarki, irinta ce kuma ke cikin alƙalamin yaronmu. Da haka aka huta da kwalbar mai. Alƙalamin nan abu ne mai kyau, ba mu kushe shi ba. Aibinsa ɗaya, ya yi kama da abin rubutu ƙwarai, har hannu ya kan manta ya gangara zuwa baki kamar yadda ya saba da fensir. Haka yaran nan biyu suka ƙone.

Akwai kuma wani abu da ya fito a zamaninmu wanda dole mu ambata, ko da ya ke ba mu so. Cikin 1777 wani masani Bajamushe, Lichtenberg, ya lura lantarki mai ƙarfi ya kan bar wata alama mai rassa kamar itace ko walƙiya. A 'yan shekarun nan sai waɗansu suka shiga ciro taransifoma daga cikin na'urar ɗumama abinci, suna sakar wa jiƙaƙƙen katako wutarta don ta zana musu irin rassan nan. Wutar gidajenmu volt 230 ce, kun kuwa san tana kisa. Ta wannan taransifoma ta kai 2,000, kuma abin da ke yanke wuta a gida in an sami haɗari ba ya jin abin da ke faruwa a bayanta, saboda haka ba ya yankewa. Taɓawa ɗaya zuciya ta tsaya. Ƙungiyar masu kaɗe itace ta Amurka ta hana wannan a tarurrukanta tun 2017, ta kuma ƙidaya mutum 33 ko fiye da suka mutu ta haka ya zuwa 2022, cikinsu har da waɗanda aikin lantarki ne sana'arsu. Za ku ga hotunansa a wayoyin yayyenku, yana da kyan gani, ba mu musa ba. To, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wannan ba sana'a ba ce, ba kuwa wata dabara da za ta sa ya zama lafiya. Kada ku yi, kada ku tsaya kusa da mai yi.

Wanda ke son ya koyi na gaskiya fa? Ya fara da neman babba wanda zai zauna tare da shi, uba ko wa ko malami. Sa'an nan ya duba abin da zai ƙona, gama a nan ne mu ke da wani haɗari wanda Inna ba ta da shi. Ita duma ta sani, da itacen da aka saro daga daji. Mu kuwa garuruwanmu cike su ke da katakon da aka yi wa magani. Turakun waya, da katakon titin jirgin ƙasa, da na gini wanda aka tsoma don gara, waɗansunsu akwai gubar asanik a jikinsu, wuta na taɓa su ta tashi cikin hayaƙi. Tsohon fenti sau da yawa akwai dalma a ciki. Filawud da sauran allunan da aka manna da gam, da duk abin da aka shafa wa man ƙyalli, da roba, hayaƙinsu na cutar da huhu. A guje su duka, ko da kyauta kafinta ya bayar. Cikin itatuwan daji ma ba a taɓa gwaska, da tinya, da tumfafiya, kowa ya san dafinsu. Abin da ya fi shi ne busasshen itace mai haske, tsurarsa, irin su malaina, ko aduwa wadda a ke allo da ita, ko kuwa sakaina, wadda ba a saye. In sabon duma ne za a kankare, a jiƙa shi tukuna, a rufe hanci da baki, don ƙurarsa da furfurar cikinsa suna sa tari.

A goge wurin ya yi sumul, a zana abin da a ke so da fensir, kana a bi da wuta. Kada a danna, zafi ke aiki ba ƙarfi ba. Hannu in ya yi sauri layi ya fito da haske, in ya yi jinkiri ya yi duhu, in ya tsaya ya huda rami. A fara da haske, don ana iya ƙara baƙi amma ba a iya rage shi. Ƙarfe kuwa a yi masa wurin ajiya guda, bisa dutse ko tubali, ba bisa tabarma ba, in na lantarki ne a zare shi ko da fita shan ruwa za a yi. A naɗe hannun riga, 'yan mata su ɗaure gyale da kyau.

Maganar iska kuma ba ƙarama ba ce. Lokacin hunturu rai ya kan so a shige ɗaki da kaskon gawayi a ja ƙofa. Gawayi yana fid da wata iska marar launi marar wari, wadda ke fara sa ciwon kai da jiri, sa'an nan barci, daga barcin kuwa ba kullum a ke tashi ba. A waje a ke wannan aiki, ko a rumfa, a ba iska baya.

In kuwa tsautsayi ya faɗa aka ƙone, a sa wurin cikin ruwa mai sanyi, a yi ta kwarara masa har minti 20, ba minti biyu ba. A cire zobe ko awarwaro tun wurin bai kumbura ba. Kada a shafa manja, ko man shanu, ko ƙwai, ko man goge haƙori, ko toka, ko da wa ya ce a shafa. Kada a fasa bororo. A rufe da tsumma mai tsabta. In ƙunar ta yi faɗi, ko ta yi zurfi, ko a fuska ta ke ko a gaɓar yatsa, a tafi asibiti.

Wani zai ce, duk wannan wahala don me, ga kwano ga roba sun cika kasuwa? Gaskiya ne sun cika. Tun da kwanon sha da samira suka shiga ɗakin amare ƙwarya ta fara ja da baya, roba kuma ta zo ta ƙarasa. Da muka koma ƙauyen nan bayan shekaru mun tarar Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Jikarta ta yi aure a birni, wuƙaƙen nan huɗu suna soke a jikin danga sun yi tsatsa. Muka roƙa aka ba mu biyu, muka kai wa maƙeri ya wasa su ya sake musu ƙota.

Su ne za mu fito da su ran Alhamis mai zuwa, lokacin aikin hannu, a gindin darbejiyar bayan aji, tare da akwatin yaron nan, wanda har yanzu ke cikin kabad ɗinmu. Ko wane yaro ya zo da sakainarsa. Mai akwatin kuma ya ce kakarsa ta yarda ta ba mu aron ƙwaryar furarta mu kwaikwayi zanen, da sharaɗin a mayar mata kafin azahar.